Tomino da Sunaye Sittin da Uku

A Sakigusuku ba a tambayar mace shekarunta don tsokana. Ana tambaya ne don a san ko sunanta zai hau faranti. Duk wadda ke tsakanin hamsin da ɗaya da hamsin da biyar, in dai takardar zamanta na ofishin tsibirin nan, sai a rubuta sunanta a 'yar takarda, a murje ta ta koma kamar ƙwayar wake, a zuba a farantin katako tare da na sauran, a girgiza. Wadda nata ya riga faɗowa sau uku, ita ce Uwar Ganuwa. Daga ranar ba ta haye teku. Ba ta shiga gidan makoki, ba ta taɓa gawa, ko ta uwar da ta haife ta ce. Kullum da safe za ta ɗauki turare da gishiri ta hau tudu, tana kiran sunayen wurare sittin da uku da ke tsakanin bakin ruwa da tsohuwar ganuwar dutse ta can sama, wadda garin ya ci sunanta. Shekara uku ake yi a miƙa wa wata. Tomino Tokeshi ta yi goma sha huɗu ba a sami mai karɓa ba.

Ni ta tagar da nake sayar da tikitin jirgin ruwa na san ta. Jirginmu ɗaya ne, ya zo da hantsi, ya juya ƙarfe biyu. Kusan kullum sai Tomino ta zo ta zauna a bencin masu jira, farar rigar aikinta a naɗe cikin jaka, tana kallon mutane suna shiga. In ya ɗaga ta ce mini, "To 'yar nan, yau ma an bar mu," ta yi dariya ta tafi. Na daɗe ina zaton haƙuri ne.

A gidan ƙarshe aka haife ta, wanda ya jingina da gindin tudu, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai na wani masunci. Tana yarinya ba ta da wasan da ya wuce hawa bayan ganuwa ta zauna cikin saiwoyin ceɗiya tana leƙen jirage, duk da dukan da take sha a kai. Tana da sha takwas wakilin wata masaƙa ya zo daga birnin Osaka neman 'yan mata. Ta ba da sunanta, aka ɗinka mata riga biyu. Saura kwana biyu a tafi, uwarta ta kwanta wani ciwo da ba wanda ya gane kansa, ba ci ba sha. Jirgi ya tafi da 'yan mata tara. Washegari uwar ta saɓi fartanya ta nufi gonar dankali. Tomino ba ta taɓa yi mata maganar ba har uwar ta mutu, amma in tana ba da labarin a nan take tsayawa, ta zuba wa mai sauraro ido ta ga ko ya gane.

Ta yi shekara ashirin a gidan ƙyafe kifi, har ƙaurin ya zauna mata a gashi. Ta auri Gentoku, makanikin injin jirgi, mutum mai faɗin kafaɗa wanda fushinsa ba ya wuce cin abinci ɗaya. Suka haifi 'ya ɗaya, Chinatsu. Da kifi ya ja baya, Gentoku ya haye teku zuwa birnin Naha ya kama aiki a tashar jiragen ruwa, ya ce ta biyo shi da zarar ya sami ɗaki. Ya sami ɗakin. Sai uwarsa ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu, ba ta ƙara tashi ba. Shekara sha ɗaya Tomino na juya ta, tana wanke ta, tana ba ta a baki. Gentoku ya zo sau biyu a shekara, ya kawo sabulu mai ƙamshi, ya gyara rufi, ya koma. Chinatsu ta gama makaranta ta bi ubanta.

Tsohuwar ta rasu Tomino na da hamsin da biyu. Da aka gama kwana arba'in da tara na makoki ta ɗaure kwalaye, ta ba maƙwabta akuyoyinta biyu. Ta karɓo takardar sauya wurin zama, ta cike, ta buga hatiminta. Abin da ya rage ta kai ta. Daga ƙofarta zuwa ofis bai fi taku ɗari biyu ba, kuma har yara sun san saura mako uku a girgiza faranti. Takardar ta yi makon ukun nan a ƙarƙashin gwangwanin shinkafa.

Mata shida ne a farantin. Nata ya faɗo, ya sake faɗowa, na wata ya ratsa, sannan nata.

Ta kira Gentoku da wayar kantin gari, mata uku na tsaye kusa da ita suna yin kamar zaɓen albasa suke.

"Gen, sunana ya faɗo."

"Wane suna kuma? Ba kin ce kin kai takarda ba?"

"Cewa na yi na cike."

"Tomino. Mako uku fa."

"Na manta."

"Kin manta? Ke da har yau kike tuna kwanon da na fasa miki ranar da aka kawo ki?"

"Shekara uku ce kawai. Kamar gobe ne."

Can ya ce, "Na sayo katifa ta biyu. Yanzu ban san inda zan sa ta ba."

Gari ya ce kakanni ne suka riƙe mata ƙafa. Gentoku ya ce shi ne ba a so. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. A Sakigusuku kowa ya san abin da aka yi wa Tomino, in ta wuce ana rage murya, ita ce matar da aka hana tafiya. A Naha fa? Wata baƙauya ce a hawa na uku, mai ƙaurin kifi, da ba wanda ya san abin da ta rasa. Shekara talatin da huɗu tana riƙe da tafiyar nan kamar jari. Duk ranar da ta tafi, ta cinye jarin ke nan.

Kamado, wadda ke riƙe da ganuwar a lokacin, ita ta koya mata sunayen. Ba a rubuta su. Daga baki sai kunne, a kan hanyar, kana tsaye a wurin da ake kira. Kuma ba sunan kaɗai ake faɗa ba, har da dalilinsa, cikin numfashi ɗaya. Masaukar Baƙi, inda jiragen 'yan hari suka fara taɓa yashi. Dutsen Masu Jego, inda mata ke kwantar da jarirai sa'ad da suke jidar duwatsun ganuwa a ka. Inda Doki Ya Ƙi, don a nan dokin mai ganuwa ya toge, shi ya sa har yau ba mai hawa sai da ƙafa. Rijiyar Rabin Tulu, saboda a shekarar da aka kewaye su abin da kowane gida ke samu ke nan. Ƙofar Sunkuyo, wadda aka gina gajera don maharin da ya shigo ya fara miƙo wuyansa. Haka har sama, har Murhun Ƙarshe, duwatsu uku baƙaƙe inda ƙanwar mai ganuwa ta hura wutar kiran taimakon da bai zo ba. Gwamnati ta kafa allo a gindin tudun, an rubuta cewa masana ba su tabbatar da wanda ya yi ginin ba. A jikinsa Tomino ke rataye lemarta.

Miƙawar ma da ƙa'idarta. Ran ɗaya ga wata ko ran sha biyar, sabuwa ta shiga gaba ta jero sunayen daga ƙasa zuwa sama, tsohuwa na bin ta a baya. In sun kai Murhun Ƙarshe tsohuwa ta ce "ya cika," sai ta tuɓe farar riga ta ba ta, ta sauko ba igiya a ƙafarta. In ba ta ce ba, su biyun suna ɗaure.

"Ba mai iya ce miki kin yi kuskure sai ni," in ji Kamado ranar da ta miƙa mata, "ni kuwa daga gobe zan fara mantawa. Abin da Uwar Ganuwa ta ce, shi ne sunan." Ta sauko ta shiga jirgin ƙarfe biyu na ranar, ta dawo bayan wata guda da gashi a nannaɗe kamar na 'yar fim.

Shekara uku ta cika, aka ɗauko faranti, ba suna ko ɗaya da za a zuba. Ba mata ne suka ƙare ba. Suna nan, suna shanya, suna saran rake. A takarda ne duk suka koma gidajen 'ya'yansu a birni, kowace da ta ga hamsin na matsowa.

"Sannu da zuwa, mutanen Naha," Tomino kan ce wa maƙwabciyarta Haru ta kan katanga. "Yaya birni?"

"Cunkoso, Yaya, cunkoso," in ji Haru tana watsa wa kaji tsaba. "Mota ba ta barin mutum ya runtsa."

"In kin ga mijina a hanya ki gaishe shi."

Su yi dariya su biyun, Haru ta shige ɗaki da sauri.

Bikin Chinatsu ta waya Tomino ta ji shi, aka kara mata a bakin lasifika tana tsaye a kanti. Da wanta ya rasu, a kan hanya ta tsaya daga nesa, ta juya wa gidan baya kamar yadda ake yi. Zuwan Gentoku ya koma sau ɗaya a shekara. Wata rana cikin hira Chinatsu ta ambaci wata Sayo mai shagon taliya a ƙasan benensu, wai tana ɗinke wa Baba maɓalli. Tomino ta ce madalla da maƙwabtan kirki, ba ta ƙara tambaya ba, ba ta kuma manta sunan ba.

A shekara ta sha huɗu Gentoku ya faɗi a wurin aiki. Rabin jikinsa ya mutu, magana sai ɗaiɗai.

"Inna, ki ajiye rigar nan ki zo," in ji Chinatsu. "Wa zai kama ki?"

"Ba mai kama ni."

"To?"

"In na haye ruwa da sunayen nan a bakina, guguwar farko da ta ci jirgi sunana za a kira, har kan jikokinki."

"Ko ɗa ban da shi, Inna, bare jika."

"Wa ke ba shi abinci?"

"Ni da safe. Da rana Goggo Sayo."

"Ta iya miyar da yake so?"

"Inna!"

"A sama mini mai karɓa, in taho a jirgin ranar."

A watan nan ne Yoriko Kuninaka ta sauko daga jirgi da akwati ɗaya da baƙin tabarau. Tana da sha biyar ta bar tsibirin. Ta yi rayuwarta a birnin Kawasaki tana dafa wa direbobin bas abinci, aure ya mutu, ba ɗa. Ta dawo ne don ubanta, wanda hankalinsa ya gushe har ya fara fita neman jirginsa da aka sayar shekara talatin da suka wuce. Shekarunta hamsin da uku. Tun kafin ta kai gida, labarin shekarun ya riga ta.

Tomino ce ta fara zuwa, da miyar akuya a tukunya. Ta nuna mata yadda ake juya tsoho ba a ji ciwon baya ba, da inda ake ɓoye takalmansa don kada ya fita. Kwana goma ba ta fasa ba. A rana ta sha ɗaya Yoriko ta ce mutanen ofis sun gaya mata sai ta dawo da takardar zamanta nan kafin a rubuta ta mai jinyarsa, a riƙa turo mata mai taya ta yi masa wanka.

"Gobe zan kai, Yaya."

Tomino na ninke zanin gado. Ta gama ninkewa, ta shafe shi da tafin hannu. "Da safe ya fi," ta ce. "Zan raka ki."

Duk garin ya gan su suna tafe, Yoriko na ta surutu, Tomino na riƙe mata lema. Haru ta ja tagarta. Mai kanti ya duƙa yana gyaran abin da bai lalace ba. Ni ma na gan su, na sunkuyar da kai kan tikitocina. Kalma ɗaya ta isa, daga bakin ko wane ne a cikinmu. Amma mun gaji da kallon Tomino a kan bencin nan, kuma mun fi son a ɗaure baƙuwa da a ɗaure tamu.

Bayan wata biyu aka girgiza faranti. Uwar Ganuwa ce ke girgizawa. Takarda ɗaya a faranti ba ta da wurin zuwa sai ƙasa.

Da aka je gaya mata Yoriko ta yi dariya, ta ce ashe har yanzu ana wannan wasan. Ba wanda ya taya ta. Ubanta, wanda ya yi wata uku yana kiranta "malama" don bai gane ta ba, ya ji abin da ake faɗa, ya dafa bango ya miƙe, ya sunkuya mata har ƙasa yana hawaye. Ba ta iya barinsa, ba ta iya ɗaukarsa ta tafi, kuma ba ta iya zama cikin mutanen da ta ce wa a'a alhali su ne ke dawo mata da shi in ya ɓata. Washegari ta zo bakin ruwa.

Abin da ya biyo baya daga bakin Yoriko na ji shi, don ba mai bin su sama.

"Kin sani," ta ce wa Tomino tun a Masaukar Baƙi. "Kina riƙe mini lema kin sani."

"Na sani."

"Na zo in rufe wa ubana ido. Yanzu ko gawarsa ba zan taɓa ba."

"Mijina na kwance."

"Sai ki ce mini! Ki ce, Yoriko, ga rami, ki faɗa don ni. Wataƙila da na faɗa."

"Da ba ki faɗa ba."

"Da ban faɗa ba," in ji Yoriko. "To fara. Wannan yashin me ya yi?"

Kanta kamar soso yake. Matar da ta haddace abin da direbobi ɗari ke ci da abin da ba sa ci, sunaye sittin da uku ba su kai mata mako biyar ba. Ran ɗaya ga wata ta shiga gaba ta jero su tiryan-tiryan, da ta zo Rijiyar Rabin Tulu ta juyo ta kalli Tomino cikin ido, ta wuce ba ta kira sunan ba. Ran sha biyar ta tsallake Dutsen Masu Jego. Sau huɗu tana yin haka.

"Tsufa ne, Yaya. Kai ya tafi."

"Ke da kike riƙe cikin direbobi ɗari?"

"Su ba su raka ni ofis ba."

Sai dai tsakanin ɗaya ga wata da sha biyar akwai sauran safiyoyi, kuma dole su hau tare. Yoriko ce ke ɗaukar gishiri. A Inda Doki Ya Ƙi, inda gwiwar Tomino ke ƙi ita ma, ta kan miƙa mata hannu ba tare da ta dube ta ba. A sama in an gama turare su zauna a kan ganuwa su ci dunƙulen shinkafa, Yoriko na zaginta, tana ba ta labarin wani direba da ya auri mata biyu a tasha biyu na layi ɗaya. Ta ce labarin Ƙofar Sunkuyo ƙarya ne, mutanen da ne kawai gajeru. Ta ce ƙanwar mai ganuwa wawuya ce, da ta dafa abinci a murhun da ya fi mata. Wata safiya iska ta kawo mini dariyar Tomino tun daga can sama, kuma ba irin wadda na sani ba ce. A watannin nan ban ƙara ganinta a benci ba.

Ran sha huɗu ga wata na biyar Chinatsu ta kira. Likita ya ce kwanaki ne. Gentoku ya daina cin abinci, ba ya komai sai kallon ƙofa, duk wanda ya shigo ya dube shi ya mayar da ido ƙofar. Mai kanti ya gaya wa Haru, Haru ta gaya wa Yoriko. Yoriko ta je ta tsaya a bakin ƙofar Tomino ba ta shiga ba.

"Gobe zan cika miki. Ba don ke ba. Don bawan Allahn da ke kallon ƙofa."

Da sassafe Tomino ta ƙwanƙwasa tagata kafin in buɗe. Ta sa takalmin da ban taɓa gani ba, irin na shekara ashirin baya, fatar duk ta tsattsage a wurin lanƙwasa. Ta ajiye 'yar jaka a wurina. Da na miƙa mata tikiti yatsunta sun yi sanyi kamar kifi.

"'Yar nan, in mutum ya sauka a Naha, dama yake bi ko hagu?"

"Chinatsu za ta tare ki, Goggo."

"Haka ne," ta ce. Ta daɗe tana kallon tikitin, kamar an rubuta wani abu a bayansa.

Yoriko ta ce ba ta taɓa jero su kamar ranar ba. Ta fara daga yashi, murya a buɗe, kowane suna da dalilinsa, tana lanƙwasa yatsa a ɓoye don kada ta ɓata. Ta tsaya a dutsen nan ta kira shi. Ta tsaya a rijiyar nan ta kira ta. Ta sunkuya ta shige ƙofar. Da ta kira Murhun Ƙarshe yatsunta sun ba ta sittin da uku daidai. Ta juyo.

Tomino na tsaye, hannunta a kan igiyar farar rigar. Daga nan ana ganin komai, rufin gidaje, gonakin rake, da jirgi can yana shigowa kamar ƙwaro a kan faranti. Ta kwance ƙulli ɗaya. Ta tsaya.

"Kin tsallake ɗaya."

"Wanne?"

"Ba a faɗa."

"Yaya, na ƙirga. Sittin da uku."

"Bai cika ba."

"Mijinki na mutuwa!"

"Na sani."

"To me kike so? Kin ci amanata don ki tafi, ga hanya, ki tafi mana!"

"Akwai mai ba shi miya."

"Ba ya cin miya. Ƙofa yake kallo."

Tomino ta mayar da ƙullin, ta ja shi sosai. "In na sauka yau, gobe ke kaɗai za ki hau. Ba ki san yadda hawan nan yake ba in ba kowa a bayanki."

"Kar ki jingina mini," in ji Yoriko. "Ba don ni ba ne."

Iska na kaɗa tokar turare a tsakanin duwatsun. Tomino ta kalli jirgin, ta kalli takalminta.

"A'a," ta ce. "Ba don ke ba ne."

Na roƙi matuƙin jirgi ya ƙara minti biyar, ya ƙara goma. Da ya ɗaga na fita na duba sama, na hango mutum biyu a kan ganuwa, ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan. Jakar ta kwana uku a ƙarƙashin teburina kafin Haru ta zo ta ɗauka.

Gentoku ya rasu a rana ta shida. Chinatsu ta kawo tokar gawarsa da aka ƙona zuwa kabarin danginsu da ke bayan gonakin rake, ta zo a jirgin hantsi ta koma a na ƙarfe biyu, ba ta bi ta ƙofar uwarta ba, kuma tun daga ranar wayar kanti ba ta ƙara neman Tomino ba. Tomino ba ta da ikon matsowa. A Ƙofar Sunkuyo ta tsaya, ba ta juya baya ba wannan karon, tana kallon layin baƙaƙen lemomi na bin gefen gona. A ƙarshen layin akwai wata 'yar ƙaramar mace mai furfura da ba wanda ya sani a garin, tana tafe ita kaɗai, tana kuka kamar mai haƙƙi.

Na sha jin ana cewa tausayin Yoriko ne ya hana Tomino tafiya. Masu faɗin haka su ne waɗanda suka ja tagoginsu, kuma labarin ya yi musu daɗi. Ni na taɓa hannunta a safiyar nan. Tsoron shiga ɗakin Gentoku take yi, ta tarar da wata a kan kujerar da ke gefen gado, mutumin ya dube ta ya mayar da ido ƙofa. Kuma bayan shekara sha huɗu ta sami wanda zai miƙa mata hannu a wurin da gwiwa ke ƙi. Ba ta iya sakin wannan don wancan ba, ko da ya zama ta ɗaure mace biyu da igiya ɗaya.

Yanzu shekara biyu ke nan. Uban Yoriko na nan da ransa, yana neman jirginsa. Hanyar hawa ta gefen tagata ta fara, don haka ran ɗaya da ran sha biyar ina jin su in sun tsaya a yashi, Yoriko a gaba da gishiri, Tomino a baya tana gyara igiyar riga.

"Yau nawa zan tsallake, Yaya?"

"Sai mun je sama."

Yoriko ta tofar da yawu gefe, ta gyara murya, ta kira Masaukar Baƙi.